Yaƙin da ba a yi ba: da an yi wa Yamai ruwan bama-bamai

Ran 26 ga Yuli 2023 sojoji suka hamɓarar da gwamnatin Mohamed Bazoum. Ran 30 ga watan, shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Abuja, suka ba sojojin wa'adin kwana 7 su maida shi bisa mulki, in ba haka ba a yi amfani da ƙarfi. Da wa'adin ya cika ran 6 ga Agusta, hukumomin soja suka rufe sararin samaniyar Nijar, sabili da yaƙin zamani daga sama yake farawa. Yaƙin bai auku ba. Duk da haka ya kamata jama'a su auna abin da zai jawo wa babban birnin ƙasa.

Mutanen Yamai sun haura miliyan ɗaya. Fadar shugaban ƙasa tana unguwar Plateau, kusa da ma'aikatun ministoci da babban asibitin ƙasa. Sansanin sojan sama na 101 yana manne da filin jirgin saman Diori Hamani. Gadoji 3 ne suka haɗa gaɓoɓin kogin Isa, kuma mafi yawan ruwan famfo daga Goudel yake fitowa. Wato duk wurin da jirgin yaƙi zai nufa, akwai talakawa a kewaye da shi. In gada ta karye ko injin ruwa ya tsaya, wanda bom bai taɓa ba ma wahala za ta same shi.

Misalai ba su da nisa. A 2011 jiragen OTAN suka yi wata 7 suna kai hari Libiya. Bayan faɗuwar Gaddafi makamai suka bazu cikin Sahel. A Hartum, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya kori miliyoyin mutane daga gidajensu. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, ran 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan Najeriya ya halaka aƙalla mutum 85 wurin Mauludi bisa kuskure. Wanda ke sama bai cika rarrabe soja da farar hula ba.

Abin da ya taimaka aka kauce wa wannan masifa shi ne zumunci. Jihohi 7 na Najeriya suna iyaka da Nijar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Ran 5 ga Agusta majalisar dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan tura soja. Muhammadu Sanusi na II ya zo Yamai ya gana da Janar Tiani ran 9 ga wata. Malaman addini suka biyo baya, sa'an nan Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Mutumin Katsina ya san bom ɗin da zai faɗa a Nijar, bisa dangin da yake da su a Maraɗi da Damagaram zai faɗa.

An ɗage takunkumi a Fabrairu 2024, Nijar kuma ta fita daga CEDEAO ran 29 ga Janairu 2025. Taron ƙungiya ba zai ƙara haɗa gwamnatocin biyu ba. Saboda haka hanyar sarakuna da malamai da ƴan kasuwa, wadda ta yi aiki a 2023, ta ƙara daraja, kuma wajibi ne hukumomin ƙasashen biyu su bar ta a buɗe.