Mun ɗinka wa yara hular digiri, mun hana malamarsu horo



A taron ƙungiya na watan jiya an kawo shawarar a cire wani abu daga asusun makaranta a ba malaman ajin raino horo. Ko minti biyar ba a yi a kanta ba aka ture ta gefe. Wani dattijo da nake ganin girmansa ya ce, "Raino ma sai an je kwas? Iyayenmu wa ya koya musu?" Aka yi dariya, aka wuce batun bikin yaye ɗalibai. A kan wannan kuwa mun kusa awa guda: rumfa nawa, kujeru nawa, wane tela ne zai ɗinka wa 'yan shekara biyar riga da hular digiri. Ban samu bakin magana a wurin ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Duk wanda ke ganin horon nan ɓarnar kuɗi ne, ya je ya tsaya a ƙofar makarantarmu da ƙarfe bakwai na safe. Zai ga uwa ta kawo ɗan shekara biyu, ya riƙe mata hijabi yana tsala ihu. Malama ta ɗauke masa hankali da biskit, ta yi wa uwar ido, uwar ta sulale. Yaro ya waiwaya, babu uwa. Idan kukan ya yi yawa a ce masa ga dodo nan, ko a nuna masa bulala. Ni ban ga laifin malamar ba, abin da ta taso ta gani ke nan. Amma me yaron ya koya? Ya koyi cewa uwarsa tana iya ɓacewa ko yaushe ba sallama, don haka gobe sai ya ƙara ƙanƙame ta. Malamar da ta samu horo cewa za ta yi, "Maman Sadiku, durƙusa ki yi masa sallama, ki ce masa bayan la'asar za ki dawo, kuma don Allah ki dawo a kan lokaci." Zai yi kuka, ƙwarai. Amma idan aka jure haka, sannu a hankali zai gane maganar uwarsa gaskiya ce, ya saki jiki ya shiga wasa.

Wannan ita ce shaƙuwar da ake nufi: yaro ya tabbata a ransa cewa akwai wani babba nasa, wanda idan ya tsorata ko ya ji ciwo zai same shi.

Na san za a ce ai wannan zancen Turawa ne. To, matar da ta yi fice a wannan fanni, Mary Ainsworth, ta yi bincike a Afirka, cikin gidajen Baganda kusa da Kamfala a ƙasar Yuganda, a 1954 zuwa 1955. Goyon matan Afirka ta zauna ta kalla. Har a kan Hausawa an yi irin wannan nazari, Robert Marvin da abokan aikinsa suka fitar da shi a 1977. Sun ga jaririn gidan Bahaushe yana shaƙuwa da mutum uku ko huɗu, amma yakan fi maƙale wa wadda ta fi ɗaukarsa da kula shi. A ɓangaren addini kuwa, mun sha jin malamai suna karanta mana yadda Manzon Allah (SAW) ya yi sallah yana ɗauke da jikarsa Umama, da yadda ya tsawatar wa Aƙra'u ɗan Habis da ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Wane Bature ne ya kawo wannan?

Gaskiyar Baba ɗaya ce, iyayenmu ba su je kwas ba. Amma su a cikin gida suka yi rainonsu: ga kaka, ga gwaggo, ga abokiyar zama, ga yayyi mata. Ko uwa tana kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, akwai hannu goma da za su ɗauke shi. Mu fa a nan Legas? Ɗaki ɗaya a gidan haya. Uba ya fita tun asuba zuwa Mile 12 ko bakin tasha, ba ya dawowa sai yara sun yi barci. Amarya 'yar shekara goma sha tara da aka kawo daga Katsina ko Zamfara, uwarta tana can nesa, maƙwabtanta ba yarensu ɗaya ba. Mun ɗauko kunyar mun zo da ita, mun baro kakar a gida. Wa zai gaya wa wannan yarinya cewa ɗaukar jariri idan ya yi kuka ba ya sangarta shi? Wa zai ce mata kada ta miƙa masa waya ta juya baya awa uku? Babbar mace ɗaya da take gani kullum safe da yamma ita ce malamar ajin raino. Mu kuma mun ɗauko wannan malama ne don ta gama sakandare kuma za ta yarda da albashi kaɗan.

Akwai abin da ya fi damuna. Yaron da ba ya kuka sam, wanda uwarsa za ta zo ɗaukarsa ko kai bai ɗaga ya dube ta ba, shi muke yabo, mu ce mai haƙuri ne. Wani lokaci haƙurin ne. Wani lokaci kuwa yaro ne da ya gaji da kira ba a amsa ba, ya daina. Sai idon da aka horar ne zai iya lura, ya kuma san yadda zai faɗa wa uwa ba tare da ta ji an ci mata fuska ba.

Kuma ba sai mun ƙirƙiro komai ba. Kwalejojin ilimi na ƙasar nan suna ba da NCE a fannin kula da ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suna da wani ɗan gajeren horo da suka fitar a 2012, na koya wa ma'aikata yadda za su nuna wa iyaye wasa da hira da jariri. A Jamaika, cikin shekarun 1980, ma'aikatan lafiya sun riƙa shiga gidajen talakawan Kingston mako-mako har shekara biyu, suna koya wa iyaye mata wasa da yaransu da suka tsumbure. Bayan shekara 20 aka bibiyi yaran, aka tarar abin da suke samu ya fi na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kusan kashi 25 cikin 100.

Shawarata ga Shugaba da 'yan kwamitin makaranta: bana a bar hular digiri, a rage rumfa, a yi addu'a a raba wa yara alawa. Kuɗin da ya rage a nemo ƙwararriya ta zauna da malamanmu lokacin hutu, sannan sau ɗaya a wata malamai su zauna da iyaye, har da mu maza. Zan sake ɗaga hannu a kan wannan a taro mai zuwa, ina kuma roƙon Magatakarda ya sa shi a gaban batun biki.