Wanda Bai San Sunan Giya Ba Shi Zai Sha Ta A Jamus

Yau na ɗan jingine labarinmu saboda wata magana da ta tsaya mini a rai. Na san wani zai ga kan rubutun nan ya ce, "Subhanallahi! Me ya haɗa marubuci da giya?" A dai yi haƙuri a karanta.

Mu marubuta mun iya tura jarumi Jamus karo ilimi, bayan shafi biyu ya dawo da digiri da mota. Ba mu taɓa zaunar da shi a gidan abinci an miƙo masa takardar abin sha ba, alhali nan ne jarrabawar take. A can giya ba sai an je bayan gari ba. Tun 1516 aka kafa mata doka a Bavariya, cewa ba a haɗa ta sai da ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci. Bikinta na birnin Munich, wato Oktoberfest, ya samo asali tun 1810, kuma kofinsu lita guda ne cur.

Matsalar ita ce kusan kowane yanki da irin tasa, kuma sau da yawa ba za ka ji kalmar giya a cikin sunan ba. A Kolon sunanta Kölsch, a siririn kofi ake kawo ta. Al'adarsu kuwa, da kofi ya ƙare mai hidima zai dire wani ba tare da ya tambaya ba, har sai an rufe bakin kofin da ɗan faifan kwalin da ke ƙarƙashinsa. A Dusseldorf Alt ce, mai duhu. A Bavariya Weizen ce ta alkama, a arewa kuma an fi shan Pils. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Berliner Weisse, don ana zuba mata zaƙi ja ko kore. Wallahi ka ga jar sai ka rantse zoɓo ne! Haka Radler, lemo ne aka gauraya da giya.

Saboda haka ni a ganina rashin sanin waɗannan sunaye ba tsoron Allah ba ne, sakaci ne. Mai kunya da ba ya jin Jamusanci, ya ga kofi mai kyau a teburin maƙwabci ya nuna da yatsa, shi ne zai faɗa.

Sai kuma alkoholfrei, wadda ake cewa ba ta sa maye. A kula, a Jamus ana iya rubuta haka ko da akwai barasa har kashi 0.5 cikin 100. Mai son kauce wa shubuha ya duba inda aka rubuta 0,0% a jikin kwalba. Hukuncinta kuwa na bar wa malamai, ni ba fagena ba ne.

To me za a sha? Ka ce Apfelschorle, ruwan tuffa ne da ruwa mai gas. Ko Spezi, kola da lemon zaƙi. In kana kewar Maltina, nemi Vitamalz. Ko ruwa ka nema ma sai ka ce "still", in ba haka ba mai gas za a iya kawo maka.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.