Darasin da aka janye, ciwon da aka bari

A watan Oktoba na shekara ta 2014, lokacin komawa lakwal, gwamnatin Nijar ta janye wani darasi daga tsarin karatun makarantun boko. Darasin ya shafi lafiyar jiki da ta haihuwa ga matasa, an kuma shirya shi da taimakon UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da al'amuran yawan jama'a. Ƙungiyoyin addinin Musulunci suka ce abin da ke ciki ya saɓa wa tarbiyyarmu. Hukuma ta ce ta ji, ta ja da baya, ƙura ta lafa. Sai dai tambayar da rigimar ta tayar tana nan inda aka bar ta: wa zai faɗa wa yaro ko yarinya masu shekara 14 abin da ke faruwa da jikinsu, da wane harshe, kuma a ina?

Wannan jarida tana ganin shirun da muka zaɓa yana da farashi, kuma ɗiyanmu ne ke biyan shi.

Mu fara da alƙaluma, tunda su ba su da jam'iyya. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na shekara ta 2012 ya nuna cewa cikin matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an yi musu aure kafin su cika 18, kashi 28 kuma kafin su cika 15. A jihar Maraɗi adadin farko ya kai kashi 89. Cikin ƴan mata masu shekara 15 zuwa 19, kusan 40 cikin 100 sun riga sun haihu ko suna ɗauke da cikin fari. Binciken ya kuma nuna cewa cikin matasa masu shekara 15 zuwa 24, mata wajen 14 kaɗai cikin 100 da maza wajen 25 ne suka san hanyoyin kamuwa da ciwon sida da na kare kai yadda ya kamata.

Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma da idon basira zai ga cewa muhawarar 2014 ta ɓata hanya. An yi ta magana kamar darasin zai buɗe wa budurwa ƙofar lalata. Alhali a ƙasarmu yarinyar da ta fi bukatar wannan sani amarya ce, wadda aka ɗaura wa aure bisa sunna, aka kai ta ɗakin miji da guɗa, ba tare da wani ya zaunar da ita ya bayyana mata yadda ciki ke shiga, ko alamun da ke nuna naƙuda ta yi tsawo har ta zama haɗari ba. In ƙugunta bai gama buɗewa ba, kan jariri yakan toshe hanya, ya danne mafitsara a jikin ƙashi kwana biyu ko uku, naman wurin ya mutu, ya huje. Yawanci ɗan ba ya zuwa da rai. Ita kuma ta tashi da yoyon fitsari, miji ya ƙaurace mata, a mayar da ita gidan ubanta. Cibiyar aikin yoyon fitsari da aka buɗe a Danja, kusa da Maraɗi, a shekara ta 2012, ba don ƴan lakwal masu yawon dare aka gina ta ba. Matan aure ne ke cika gadajenta.

Samari ma ba su tsira ba. Yaron da ya tafi ci-rani Abijan ko Legas ko Libiya, ko ya bi ayarin haƙar zinariya da ya kwarara Jado tun shekara ta 2014, yana barin gida da jahilcin da ya tashi da shi. In ya ɗauko ciwon sanyi, kunya ta hana shi zuwa likita, sai ya sayi ƴan ƙwayoyi wurin mai tallar magani a tire, ya sha kwana biyu, zafin fitsari ya ragu, ya ɗauka ya warke. Ya dawo gida a yi masa aure. Ita mace sau da yawa ciwon ba ya nuna mata alama, yana nan yana cin hanyar da ƙwai ke bi zuwa mahaifa har ya toshe ta. Bayan shekara uku babu haihuwa, dangin miji su ce juya ce, a yi mata kishiya, ita ma ta ɗauka. Ciwon da allura ko magani na ƴan kwanaki ke kashewa ya rushe gida biyu.

Gaskiya ne Allah ya sassauta mana game da sida. Tun da aka gano mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijar a shekara ta 1987, cutar ba ta yi mana ɓarnar da ta yi a kudancin Afirka ba, kuma binciken 2012 ya sami kashi 0,4 cikin 100 na manya masu ɗauke da ƙwayarta. Akwai magungunan da ke danne ta, masu ba mai ita damar rayuwa da aiki, su kuma hana uwa ta ba jaririnta. Amma magani ba ya amfanar wanda bai yi gwaji ba, kuma ba ya zuwa gwaji wanda ke tsammanin sauro ko musafaha ne ke kawo ciwon.

To, laifin wa? In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Laifi na farko na masu mulki ne. Tun bayan taron ƙasa na 1991, duk lokacin da batun mace da iyali ya taso, shugabanninmu sukan lissafa ƙuri'u kafin su lissafa gawarwaki. An jingine kundin dokokin iyali a 1994. Majalisar dokoki ta yi watsi da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata a 2006. A 2012 aka mayar da shirin dokar kare karatun ɗiya mace bayan ƙungiyoyin addini sun tayar da murya. Sai a ranar 5 ga Disamba 2017 gwamnati ta fitar da shi ta hanyar dokar shugaban ƙasa, ba tare da ya bi ta zauren majalisa ba. Salon bai canza ba daga wannan mulki zuwa wancan: a rubuta takarda cikin ofis a Yamai, da faransanci, tare da masu ba da tallafi, ba a tuntuɓi liman ko sarki ko uwa ba, ranar da aka yi ihu a saki takardar a gudu. Wanda ya kawo wa mutane abinci a rufe, bai kamata ya yi mamaki ba in sun ce da guba a ciki. Abin takaici kuma, doka mai lamba 2006-16 ta ranar 21 ga Yuni 2006 kan lafiyar haihuwa ta amince da haƙƙin samun bayani da ilimi kan wannan fanni. Hukuma ta rubuta haƙƙin da hannunta, ta kuma ji tsoron cika shi.

Laifi na biyu, tare da girmamawa, na wasu malamanmu ne. Suna da gaskiya da suka ƙi a koya wa ɗiyanmu abin da aka kwafo daga wata al'umma ba tare da tacewa ba, kuma haƙƙin iyaye ne su san abin da mushe ke faɗi cikin aji. Amma wanda ya ce a cire, wajibi ne ya faɗi abin da za a sa. Balle ma addininmu bai taɓa ɗaukar wannan fanni abin rufewa ba. Almajirin da ya fara Ahalari ko Ishmawi, ya wuce zuwa Risala, yana karanta hukuncin janaba da haila da jinin biƙi tun gemu bai fito masa ba, a zaure, da Hausa, gaban malaminsa. Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, ta yabi matan Madina saboda kunya ba ta hana su tambayar abin da ya shafi addininsu ba. In ya halatta a koya wa yarinya ranar da za ta bar salla saboda haila, don me zai haramta a gaya mata dalilin zuwan jinin, da yadda za ta tsabtace kanta, da ranar da ya kamata ta garzaya likita?

Laifi na uku namu ne, mu iyaye. Al'ada ta hana uwa ambaton sunan ɗanta na fari, balle ta yi masa wannan magana. A da, kaka da gwaggo da ungozoma ne ke ɗaukar wannan nauyi, su ja yarinya gefe su yi mata huɗuba. Zaman birni da neman abinci sun watsa wannan makaranta, ba mu kuma gina wata a madadinta ba. Yau malamin ɗanka shi ne abokinsa na fada mai shan shayi har tsakar dare, da salular da ke aljihunsa, wadda ke nuna masa ta WhatsApp da TikTok abin da babu wani darasi na lakwal da zai kuskura ya nuna. Mun hana shi ruwan rijiya, yana shan na kwata.

Kada a ce abin ba ya yiwuwa a ƙasar Musulmi, domin an yi shi a nan gida. A jihar Damagaram aka fara makarantun mazaje a ƙarshen shekarun 2000, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a likita, da goyon bayan sarakuna da limamai. Shirin Illimin, wanda aka soma a 2013, ya tara ƴan mata masu shekara 10 zuwa 19, masu aure da marasa aure, ƙarƙashin wata babbar mace ta garinsu, suna koyon karatu da sanin jikinsu. A 2019 hukuma ta buɗe wa ɗalibar da ta yi aure ko ta sami ciki hanyar ci gaba da karatunta. Sama ba ta faɗo ba. Abin da ya bambanta waɗannan da darasin 2014 shi ne an shiga gari ta ƙofa, an yi sallama.

Saboda haka muna kira ga ministocin ilimi da na kiwon lafiya da su tara malaman addini, da sarakunan gargajiya, da ungozomomi, da ƙungiyoyin iyayen ɗalibai da na mata, a zauna a rubuta darasi guda, babi babi, kowa ya sa hannu. A buga shi da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, a karanta shi a gidajen rediyon karkara, domin iyaye su ji da kunnensu kafin wani ya fassara musu. A raba aji, mace ta koyar da mata, namiji ya koyar da maza. A fara da kamun kai, kamar yadda addini ya yi umurni, amma a faɗi gaskiya duka: yadda cuta ke yaɗuwa, amfanin kwaroron roba ga ma'auratan da ɗayansu ke ɗauke da ciwo, da amfanin gwaji kafin ɗaurin aure. Tunda kuma yawancin ƴan matan karkara ba su kai kolej, a kai darasin makarantun islamiyya da wuraren awon ciki. A ƙarshe, a hori ma'aikatan likita: yaron da ya yi ƙarfin halin zuwa da ciwon sanyi, a ba shi magani cikin sirri, a bar wa ubansa faɗa.

Ga malamanmu kuma muna cewa: ku kuka nemi a janye darasin, aka janye. Alƙalami na hannunku. Ku rubuto wanda kuka yarda da shi, wannan jarida ta yi alkawarin buga shi daga farko har ƙarshe.