Béziers: Tarihi Ba Ya Biyan Albashi

A kudancin ƙasar Faransa, kusa da gaɓar Bahar Rum, akwai wani gari na manoman inabi da ake kira Béziers, ana furta sunan Beziye. Mutanensa wajen dubu 80 ne, amma duk wanda ya san wasan zari-ruga a Faransa ya san shi. Kulob ɗin garin, wanda aka kafa a 1911, ya ci gasar ƙasa har sau 11. Toulouse da Stade Français ta birnin Paris ne kaɗai suka fi shi. Amma fa rabonsa da ɗaukar garkuwar Brennus, watau kambun da ake bai wa zakaran ƙasa, tun 1984, rabonsa da rukuni na ɗaya kuwa tun 2005.

Ga mai karatun da bai saba da wasan ba, zari-ruga ƙwallo ce mai siffar ƙwai da mutum 15 ke bugawa a kowane ɓangare. Ana ɗaukarta a hannu a ruga, ana miƙa ta baya ko gefe, ba a jefa ta gaba, kuma babban maki shi ne a dire ta a bayan layin abokan hamayya. Takwas daga cikin 'yan wasan su ne 'yan gaba, ƙartin da ke haɗa kafaɗa su yi turereniya da takwarorinsu don ƙwato ƙwallo. A nan ne Béziers ta yi suna.

Ta fara cin gasa a 1961, lokacin da ta doke Dax. Ɗaya daga cikin 'yan wasanta na lokacin, wani malamin motsa jiki mai suna Raoul Barrière, shi ne ya karɓi aikin horad da kulob ɗin a 1968. Bai je wata ƙasa sayen gwanaye ba, don a zamanin dokar wasan ta hana a biya ɗan wasa albashi. Samarin garin da na ƙauyukan kewaye ya tara, waɗanda yawancinsu ke da sana'ar da suke ci da ita, ya dinga horad da su da tsananin da sauran kulob-kulob ba su saba gani ba. Ya koya wa 'yan gabansa su riƙe ƙwallo a tsakaninsu, su yi ta miƙa wa juna a kurkusa suna kutsawa, har abokan hamayya su galabaita. Mutane suka laƙaba masa suna matsafin Sauclières, sunan tsohon filin wasansu da ke bakin kogin Orb. Ba wani tsafi a ciki. Mutane ne suka daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Sun doke Toulon a 1971, Brive a 1972, maƙwabciyarsu Narbonne a 1974 da maki 16 da 14, bayan Henri Cabrol ya buga ƙwallon da ta raba gardama ana gab da tashi. Suka sake ci a 1975, 1977 da 1978. A 1978 ɗin Barrière ya bar aiki, amma ginin da ya yi bai rushe ba: suka ƙara a 1980, 1981, 1983 da 1984. Watau garkuwa 10 cikin kaka 14. A filinsu na gida kuwa sun yi fiye da shekara 10 ba wanda ya zo ya doke su. Armand Vaquerin, ɗaya daga cikin ƙartin layin gaba, yana cikin dukkan nasarorin nan 10, abin da babu ɗan wasan Faransa da ya taɓa yi. Akwai Richard Astre mai rarraba ƙwallo, da Jack Cantoni, da dogon nan Alain Estève. Alain Paco da Michel Palmié suna cikin mutum 15 ɗin da suka buga wa Faransa dukkan wasanninta huɗu a gasar ƙasashe biyar ta 1977, suka cinye duka ba tare da an dire musu ƙwallo ko sau ɗaya ba.

Ba za a ɓoye ba, ƙungiyar nan ba ta waliyyai ba ce. An san 'yan gabanta da naushi da taka mutum in ya faɗi, kuma a sauran garuruwan Faransa tsoronsu ake yi fiye da ƙaunarsu. Wasan na wancan zamani haka yake, su dai sun fi kowa ne.

Wasan ƙarshe na 1984 da Agen ya tashi 21 da 21 har bayan ƙarin lokaci, sai da aka yi bugun raba gardama kafin Béziers ta ɗauka. Shekara guda bayan haka kyaftin ɗinta, Pierre Lacans, ya rasu a haɗarin mota. Tsofaffin hannu suka yi ta ajiye takalmi, ba a kuma sami madadinsu ba.

Sai kuma 1995 ta zo, hukumar wasan ta duniya ta halatta biyan albashi. Daga nan lissafi ya canza. Garin da ba shi da manyan masana'antu, wanda kasuwar inabinsa ma ta daɗe da ja da baya, ba zai iya gogayya da Toulouse ko Paris wajen kuɗi ba. A 2005, shekarar da aka rage rukuni na ɗaya zuwa kulob 14, Béziers ta faɗa rukuni na biyu da ake kira Pro D2. A 2009 ta ƙara gangarawa rukuni na uku, sai a 2011 ta dawo. Abin da ya fi ci wa mutanen garin rai shi ne Montpellier, maƙwabciyarsu a lardi guda, kulob ɗin da ba a ma kafa shi ba sai 1986. Attajiri Mohed Altrad, haifaffen Siriya, ya zuba masa kuɗi, ya ci garkuwar a 2022.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Garin da ya saba da ɗaukaka, in ya ga maƙwabci ya hau da kuɗin mutum guda, sai ya zauna jiran nasa attajirin. Kuma mai irin wannan jira shi ne ya fi saurin faɗawa hannun mai daɗin baki. A 2020 aka zo wa Béziers da labarin wasu masu kuɗi daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa za su sayi kulob ɗin. Tsohon tauraron Faransa Christophe Dominici ne ya shige musu gaba, aka yi ta ambaton sunayen manyan 'yan wasan duniya da za a kawo, magoya baya suka yi ta murna tun ba a ga ko sisi ba. Hukumar da ke binciken asusun kulob-kulob ta nemi shaidar kuɗin, ba ta gamsu ba, ta yi watsi da cinikin a watan Yuli. A lokacin mutane da yawa sun ga baƙin hukumar, alhali kuwa ita ce ta yi musu gata. Da an ƙulla kwantaragi da taurari kan kuɗin da babu su, da ba a san inda kulob ɗin zai kwana ba. Daga bisani majalisar garin, a ƙarƙashin magajin gari Robert Ménard, ita ce ta karɓi ragamar don kada a rufe shi. Wannan ma ba magani ba ne na dindindin, don kuɗin harajin talakawa suna da wuraren zuwa da suka fi filin ƙwallo.

Abin lura shi ne, kakar da ta fi kowace kyau ga Béziers a shekarun nan ba da taurari aka yi ta ba. A kakar 2023 zuwa 2024, a hannun mai horarwa Pierre Caillet, ta ƙare ta uku cikin kulob 16, ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Vannes ta fid da ita, kana Vannes ɗin ta haye rukuni na ɗaya. Cikin waɗanda suka fi haskawa akwai 'yan Fotugal biyu. Samuel Marques, gogaggen da ya daɗe yana yawo a kulob-kulob na Faransa, shi ne ya buga ƙwallon da ta bai wa ƙasarsa nasara kan Fiji da 24 da 23 a gasar cin kofin duniya ta 2023. Ɗayan kuwa matashi ne mai gudun tsiya, Raffaele Storti, wanda ya yi ta dire ƙwallo a kakar. Sai dai Storti ɗan aro ne daga Stade Français, kaka na ƙarewa ya koma wa masu shi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Haka rayuwar rukuni na biyu take: wasa 30 a kaka, 'yan wasa haɗin gambiza, ga 'yan aro, ga tsofaffin da manyan kulob suka sallama, ga baƙi daga tsibiran Fasifik da Jojiya, kuma duk yaron da ya nuna kansa, mai kuɗi zai zo ya ɗauke.

A watan Nuwamba na 2024 wasu masu zuba jari suka karɓi kulob ɗin daga hannun majalisa. Cikinsu akwai Eddie Jordan, ɗan Ailan da aka sani a tseren motoci, wanda ya rasu a watan Maris na 2025, da Bob Skinstad, tsohon kyaftin ɗin Afirka ta Kudu, da Andrew Mehrtens na New Zealand, wanda ya taɓa buga wa Béziers ɗin a ƙarshen wasansa. Waɗannan dai mutane ne da aka san fuskarsu, ba irin na 2020 ba. Amma ba da sunayen da za su sayo ya kamata a auna su ba. A auna su da yaran yankin nawa suka fito daga makarantar horon kulob ɗin suka shiga babbar ƙungiya, da kuma nawa aka iya riƙewa shekara biyar. Dokar gasar ma tana tilasta wa kowane kulob sanya adadi mai yawa na 'yan wasan da aka rena a Faransa, saboda haka mai renon nasa shi ne da riba.

Masu cewa ƙaramin gari ba shi da rabo a zamanin kuɗi, sai su dubi Castres. Mutanenta ba su kai na Béziers ba, amma ta ci garkuwar a 2013 da 2018, saboda kamfanin magunguna na ɗan garin, Pierre Fabre, ya tsaya mata shekara da shekaru ba tare da hayaniya ba. Béziers ba ta da irin wannan kamfani, abin da take da shi shi ne 'yan kallo da suna, da filin wasa da aka mayar wa sunan Raoul Barrière bayan rasuwarsa a 2019. Shi Barrière sai da ya yi kaka uku yana gini kafin garkuwar farko ta zamanin horarwarsa ta shigo gari.