FANSHON MASU SANA'A: A TAMBAYA KAFIN A ZUBA

Sanin kowa ne cewa mafi yawan 'yan'uwa matasa ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma na kamfani ba. Wannan tela ne, wancan bakanike, wani yana jan A Daidaita Sahu, wani kuma yana da ɗan teburinsa na gyaran waya a bakin kasuwa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya irin wannan neman suke yi, babu albashi, babu garatuti, babu fansho. To, irin waɗannan bayin Allah ne ake bi har rumfunansu da fom, ana ce musu su shiga asusun fansho na masu zaman kansu, su riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Wasu sun karɓa sun dangwala hannu ba tare da sun karanta ba. Wasu kuma da jin an ambaci gwamnati sai su kaɗe rigarsu su yi gaba. Dukkansu akwai gyara a lamarinsu.

Dokar fansho ta 2014 ce ta buɗe wa masu sana'ar kansu ƙofar shiga wannan tsari, amma ba a ƙaddamar da shirin ba sai a watan Maris na 2019, lokacin mulkin Muhammadu Buhari, a ƙarƙashin hukumar PenCom. Kamar yadda aka tsara shi a lokacin, duk wanda ya kai shekara 18 yana iya zuwa wurin ɗaya daga cikin kamfanonin fansho masu lasisi ya buɗe asusu, ya riƙa zubi kullum, ko duk mako, ko duk wata, gwargwadon ƙarfinsa. Kashi 40 cikin 100 na abin da ya zuba yana iya cira idan buƙata ta taso, bayan wata uku da fara zubi. Sauran kashi 60 kuwa a kulle yake har sai ya kai shekara 50, ko kuma rashin lafiya ta hana shi nema. A 2025 hukumar ta sake wa shirin suna ta kuma taɓa ƙa'idojinsa, saboda haka wanda zai shiga ya nemi takardar da ake aiki da ita yanzu, kada ya dogara da abin da ya ji a rediyo shekarun baya.

Shi tanadin kansa babu mai hankalin da zai yi jayayya da shi. Wanda duk ya wuce ta Suratu Yusuf a Islamiyya ya san shawarar da Annabi Yusuf (AS) ya ba mutanen Masar ta ajiye hatsin shekarun wadata domin shekarun fari, kuma babu malamin da ya taɓa cewa wannan ya saɓa wa tawakkali. Matashi ɗan shekara 25 yana ganin kamar ƙarfin nan nasa ba zai ƙare ba. To ya dubi telan unguwarsu da ido ya yi wa rauni, ko birkilan da baya ya riƙe. Wani lokacin ma ba tsufa ke raba mutum da sana'arsa ba. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa, dubban matasa suka wayi gari babu abin yi. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu ɗimbin yawa a kasuwar Sabon Gari cikin dare ɗaya. Wanda jarinsa da ajiyarsa duk suna cikin shago ɗaya, ranar nan toka ya tarar.

Adashi fa? Adashi yana da ranarsa, amma na ɗinkin Sallah ne da kuɗin haya da sayen keken ɗinki. Ana kwasa ake kashewa. Babu adashin da ke jiran mutum shekara ashirin.

Masu gudun asusun nan suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. Sun ga iyayensu tsofaffin ma'aikata suna layin tantancewa a rana, wasu har su faɗi. Sun ji labarin Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora ya gyara harkar fansho, amma a watan Nuwamba na 2021 babbar kotun tarayya da ke Abuja ta yanke masa ɗaurin shekara takwas kan kuɗin da ya haura naira biliyan biyu. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma dole ya yi tsalle. Sai dai adalci shi ne a faɗi cewa wancan ɓarna a tsohon tsari aka yi ta, inda kuɗin ke hannun jami'an gwamnati. A tsarin da aka fara tun dokar 2004, kamfanin da ke juya kuɗin daban, wanda ke riƙe da su a ajiye daban, kuma kowane mai zubi yana da asusu da sunansa da lambarsa, yana iya ganin abin da ke ciki. Wannan bai mai da kowa waliyyi ba, amma ya ƙuntata hanyar sata.

Babbar tambayar da ɗan'uwa ya kamata ya yi ba ta ɓarawo ba ce. Ita ce: ina ake kai kuɗin nan bayan an karɓa? Domin kuwa ba a akwati ake rufe su ba. Dukiyar fansho a Nijeriya ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, kuma fiye da rabinta bashi ne da aka ba gwamnatin tarayya ta hanyar takardun lamuni, ana biya da ruwa. Wani kason kuma yana bankuna, shi ma ruwa yake haifa. Wato kuɗin bai shiga aljihun gwamnati ta ƙofar gaba ba, amma ya zagaya ya shiga ta baya. Abin da mai fom yake kira riba da fara'arsa, akasarinsa kuɗin ruwa ne, kuma hukuncin kuɗin ruwa a ƙarshen Suratul Baƙara bai ɓoyu ga ko ɗan aji uku ba. Mai albashi yana iya cewa doka ce ta tilasta a yanka daga albashinsa. Shi kuwa mai sana'ar da ya taka da ƙafarsa ya je ya cike fom, wa ya tilasta shi?

Alhamdu lillahi, mafita ta fara samuwa. Tun 2017 gwamnatin tarayya ta fara fitar da sukuk, na farko na naira biliyan 100, wanda aka yi aikin hanyoyi da shi, ciki har da hanyar Kano zuwa Maiduguri. A 2021 kuma PenCom ta buɗe asusu na shida, wanda aka ware domin zuba jari a inda babu kuɗin ruwa. Amma a lura, lokacin da aka buɗe shi, masu albashi da 'yan fansho aka nufa da shi, alhali kuɗin masu sana'a asusu na biyar aka ware musu. Saboda haka ɗan'uwa ya tambayi kamfanin ƙarara: a wane asusu za a sa kuɗinsa, akwai zaɓin da babu ruwa a ciki ga mai sana'a, kuma su waye malaman da ke duba musu harkar? Ya ce a ba shi amsa a rubuce. Idan wakili ya fara kame-kame, ko ya ce ai duk ɗaya ne, to ya naɗe fom ɗin ya miƙa masa. Dakatawa a nan ba asara ba ce, musamman da yake akwai bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ da Lotus, inda zai iya fara ajiyarsa kafin abin ya fayyace. A ƙasar Maleshiya, asusun tanadin ma'aikata ya buɗe sashen Shari'a tun 2017, kuma gwamnati tana ɗora wa mai sana'ar kansa wani abu a kan abin da ya zuba. Ashe abin mai yiwuwa ne idan masu zubi suka nace a kan haƙƙinsu.

Ko an samu asusun da ya tsarkaka, akwai sauran rina a kaba, wato darajar naira. A shekarar da aka ƙaddamar da shirin, dala ɗaya wajen naira 360 ce, litar fetur kuma naira 145. A 2024 dala ta wuce naira 1,500, fetur ya haura naira 1,000, hauhawar farashi ta zarce kashi 30 cikin 100. Mai A Daidaita Sahun da ya ajiye naira 14,500 a 2019 ya ajiye kuɗin lita 100 ne. Bayan shekara biyar kuɗin nan bai kai na lita 15 ba, kuma duk abin da ajiya ta ƙaru da shi a tsakani bai cike wannan rami ba. Wanda ke zuba naira 500 kwana shida a mako zai tara naira 156,000 a shekara. Yau kuɗi ne, amma Allah kaɗai ya san buhu nawa za su saya ranar da ya cika hamsin. Don haka kuskure ne babba matashi ya rage jarin sana'arsa, ko ya sayar da tunkiyarsa ko fegin gonarsa, wai don ya cika asusu. Abin da ya dace da asusun shi ne ɗan canjin da ke zurarewa a shayi da kati da yawon da ba dole ba, wanda in ba a kulle shi ba ko ta yaya sai ya tafi.

Akwai kuma wani gurbi a fom ɗin da ake cikewa da gaggawa, wurin rubuta sunan makusanci. Da yawa suna zaton wanda aka rubuta shi ne mai kuɗin idan ta Allah ta kasance. Ba haka ba ne. Abin da ya rage a asusu dukiyar mamaci ce, ta magada ce baki ɗaya, a fitar da bashi da wasiyya sannan a raba yadda Shari'a ta tsara, kuma kamfani ba ya sakin kuɗin sai an kawo masa takardar kotu. Ɗan'uwan da ya buɗe asusu ya sanar da mahaifinsa ko matarsa, ya rubuta sunan kamfanin da lambar asusun ya ajiye tare da sauran takardunsa na gida.