Uwargida, Kafin Ki Sayi Tukunyar Furesha Mai Lantarki, Fara Duba Wutar Unguwarku



Duk wadda ke zaune a Wudil ta san Juma'a ranar kasuwa ce, kuma ita ce ranar da maigida kan shigo da ƙafar sa ko kayan ciki a leda, ya ce a yi farfesu kafin dare. Ke kuma kin san ƙafar sa ba ta san gaggawa ba. Sai ta yi awa uku zuwa huɗu a kan gawayi, kina fifita kina ƙara ruwa, ga kukan yaro ga wanke-wanke na jira. Shi ya sa idan kika ga bidiyon tukunyar furesha mai lantarki a wayarki, an zuba nama an danna maɓalli an koma falo, dole ranki ya biya. Da yawanku sun tambaye ni ko ta cancanci kuɗinta. Amsata ita ce: tana aiki ƙwarai, amma ba kowane gida ta dace da shi ba. Kuɗin adashi ba abin wasa ba ne, don haka mu bi abin a hankali.

Yadda take aiki

A tukunyarmu ta yau da kullum, ruwa na tafasa a digiri 100, kuma ko icen duniya kika tura ba zai wuce haka ba, sai dai ya ƙone. Ita kuwa wannan murfinta na kulle tururi a ciki, sai zafin ya haura zuwa wajen digiri 115. Wannan ɗan ƙarin shi ne ke sa ƙafar sa ta yi luguf cikin kamar awa ɗaya, wake kuma ya nuna cikin rabin awa ko ƙasa da haka, ba tare da kin jefa kanwa ba. Sai dai ki sani, mintunan da kike gani a fuskarta ba sa fara ƙirguwa sai tururi ya taru, wanda kan ɗauki minti 10 zuwa 15, sannan bayan ta gama sai kin jira ya sauka. Ki riƙa haɗawa da wannan a lissafinki.

Tambaya ta farko: wace irin wuta kuke samu?

Nan ne maganar take. Wutar da KEDCO ke rabawa an kasa ta rukuni-rukuni. 'Yan Band A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, Band B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. Ki duba takardar kuɗin wutarku ko rasit ɗin mita, za ki ga rukuninku. Amma abin da ya fi takarda shi ne idonki. Ki ɗauki mako guda kina lura: ƙarfe nawa ake kawowa, ƙarfe nawa ake ɗaukewa? Idan sai tsakar dare take zuwa, za ki iya dafa wake da nama da asuba ki ajiye. Idan kuwa sai a yi kwana biyu ba a ƙyalla ba, gara ki sayi tukunyar furesha ta kan gas, wadda ba ruwanta da wuta, kuma ta fi araha.

Mai lita 6 tana jan wajen wat 1,000, mai lita 8 kuma wajen 1,200. Ƙaramin janaretan nan da ake kunna fanka da talabijin da shi bai kai wannan ƙarfin ba, kada ma ki gwada. Idan sola gare ku, ki tambayi wanda ya haɗa muku ko inbatar da baturan za su ɗauka, kuma ki yi girkin da rana tsaka.

Ta fuskar kuɗin wuta kuwa ba ta da ci. Wat 1,000 na awa guda shi ne yunit ɗaya, ita kuma da zarar tururi ya taru sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa, don haka da wuya girki ɗaya ya cinye yunit guda. Ko a Band A, inda farashin yunit ya haura naira 200 a watan Afrilun 2024, ki kwatanta da gawayin da ƙafar sa ke cinyewa, ki ga bambanci.

In aka ɗauke wuta ana tsakiyar girki fa? Kada ki firgita, kuma kada ki yi kokawa da murfin. Ba zai buɗu ba sai tururi ya sauka, kuma zafin da ke ciki na ci gaba da dafa abincin na ɗan lokaci. In ya buɗu sai ki duba, in da saura ki juye a tukunya ki ƙarasa a kan gas.

Ki juya bayanta ki karanta

Wata ƙanwata ta taɓa sayen ta gwanjo, fes da ita kamar sabuwa, a rabin kuɗi. Ranar da ta jona ta, ƙara ɗaya ta yi sai ƙauri ya cika kicin. Ashe ta Amurka ce, an yi ta don wuta mai ƙarfin 120V, mu kuwa tamu 230V ce. Kuɗin ya tafi, mai shago ya ce ba ya karɓar kayan da aka ƙona. Saboda haka kafin ki biya, ki duba 'yar takardar da ke manne a bayanta ko ƙarƙashinta. In ba ki ga 220V zuwa 240V ba, ajiye musu kayansu. Ki nemi mai filogi mai ƙafa uku irin namu, kuma a gida ki jona ta kai tsaye a soket ɗin bango, ba a siririyar wayar jone-jone da ake cajin waya ba.

Girma da cikin tukunya

Kada lita 6 ta ruɗe ki, ba a cika ta. Kashi biyu cikin uku ne iyakarta, in kuma wake ne ko shinkafa, masu kumbura da kumfa, rabi kawai. Mai lita 6 za ta ishi gida mai mutum huɗu zuwa shida. In kun kai takwas, nemi mai lita 8. In gidan yawa ne, ki ɗauke ta a matsayin mai taya ki dafa nama da wake, babbar tukunya kuma tana nan a matsayinta.

Tukunyar ciki iri biyu ce. Akwai mai baƙin shafe wadda abinci ba ya kamawa, tana da sauƙin wanki, amma ƙashi da cokalin ƙarfe da soson waya na kankare ta. Akwai ta farin ƙarfe mara tsatsa, takan ɗan kama, amma tana jure ƙashi da gurza. Ga mai yawan dafa kai da ƙafa, musamman lokacin layya, ta biyun ta fi.

Maɓallai goma sha biyu, nawa za ki taɓa?

Mai shago zai yi ta lissafa miki: tana shinkafa, tana kek, tana kindirmo. Gaskiyar magana yawancin maɓallan abu ɗaya suke yi, lokaci ne kawai ya bambanta. Huɗu kike buƙata: na dafawa da tururi wanda ke da kanki za ki sa mintuna, na suya don ki soya albasa da kayan miya a ciki, na turara don alale da dambu, sai na riƙe ɗumi. Na kindirmo yana son wuta ta kusan awa takwas ba yankewa, alhali zafin garinmu kaɗai na kwantar da nono. Na sa lokaci don ta fara da kanta yana da daɗi da azumi, amma kada ki bar ɗanyen nama ya kwana a ciki cikin zafi yana jiran sahur.

Akwai kuma abin da ba nata ba ne. Tuwo sai da muciya. Kunu da koko da miyar kuɓewa na iya toshe mafitar tururi. Kifinmu na kogin Wudil kuwa minti kaɗan ya ishe shi, in kika kulle shi a ciki sai dai ki tarar da ƙaya da romo.

A wurin saye

Ko a nan gari za ki saya, ko kin shiga Kano kasuwar Sabon Gari, ki sa a jona ta a gabanki da ruwa a ciki. Ki ga murfin ya kulle, 'yar ƙusar da ke kansa ta taso, kuma tururi ba ya tsiyaya ta gefe. Sannan ki yi tambayar da mutane ke mantawa: kuna sayar da robar murfinta? Wannan zoben robar shi ne ran tukunyar, yana saki bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma in babu madadinsa tukunyar ta zama kwalliyar kabad. In akwai, sayi biyu tun yanzu, don tana riƙe ƙamshin daddawa da yaji. Ki karɓi rasit da katin garanti.

A gida kuma, ki ɗora ta inda hannun yaro ba ya kaiwa, wayarta ma kada ta yi lilo. Kada ki sauke tururi da goyo a bayanki ko yaro a gefenki, kuma ki kawar da fuskarki. Kullum ki sa ruwa aƙalla kofi ɗaya, ki wanke mafitar tururi bayan kowane girki.

Ke da kike da ita a gida, ki faɗa mana a ƙasa minti nawa ganda ke ɗauka a taki, 'yan'uwa su ƙaru. Allah Ya sa albarka a abin da muke ciyar da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.