Mai gadi ake nema ko mai kwamfuta?

Wannan makon za mu ɗan ajiye labari da waƙa, mu taɓa wani rubutu da muke rainawa, wato tallar neman ma'aikaci. Da yawanmu an taɓa miƙo mana irinta an ce, "Tunda kai marubuci ne, mayar mana da ita Hausa." Mukan yi ta a tsaitsaye, alhali abincin wani na rataye da ita.

Mu ɗauki aikin kare kwamfuta daga masu kutse. A Zamfara kalmar "tsaro" ta riga ta yi nauyi. Wanda ke bin hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko yake kwana a ƙauyukan Bungudu, in ya ga "Ana neman jami'in tsaro", abin da zai faɗo masa a rai shi ne bindiga da shingen hanya da Askarawan da gwamnatin jiha ta ƙaddamar a Janairun 2024. Tsohon soja zai kawo takardunsa, yarinyar da ta karanta kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau kuwa ta wuce ko waiwaye babu. Don haka sunan aikin ya faɗi abin da ake tsarewa: "Jami'in tsaron bayanan kwamfuta".

"Masanin kwamfuta" ma bai fi shi ba, buhu ne da ake zuba komai a ciki. Mai gyaran na'ura daban, mai sa ido kan masu kutse daban, wanda ake biya ya gwada fasa tsarin don a ga ɓaraka shi ma daban. Dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta wa manyan masu riƙe bayanan jama'a su naɗa jami'in kare bayanai, shi kuwa aikinsa ya fi karkata ga bin doka. Mai asibiti ko ƙaramin banki da ya cusa huɗun nan a albashi ɗaya, mai gyaran firinta zai samu, bayanan mutane kuma su kwana a buɗe.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne kwafe daga intanet. Za a rubuta "sabon shiga", a ƙasa kuma a nemi shaidar CISSP, wadda sai da gogewar shekara 5 ake samun cikakkiyarta. To matasan da suka koyi fannin a shirin 3MTT, wanda aka fara a ƙarshen 2023, ta wace ƙofa za su shiga?

Kafin mu ɗora biro, mu tambayi mai aikin: "Alhaji, ranar Litinin da safe me wannan mutumin zai yi?" Amsarsa ita ce tallar. Zai duba wa ya shiga asusun ma'aikata cikin dare, ya ajiye kwafin bayanai duk Juma'a, ya koya wa masu karɓar kuɗi kada su faɗi lambar sirri ko BVN ta waya. In Alhaji ya kasa amsawa, bai shirya ɗaukar kowa ba tukuna.

A faɗi albashi, a faɗi ko daga ofis ne ko daga gida, da wanda zai sayi data. Mu da muka ga an rufe layukan waya a jihar nan a Satumban 2021 mun san "aiki daga gida" ba ƙaramar magana ba ce. Kuma tunda 'yan damfara ma da tallar aiki suke farauta, a rubuta ɓaro-ɓaro a layin ƙarshe cewa ba a biyan ko sisi don neman wannan aiki.